Murar Ƙarya a Gidan Wanki

Gidan wankin yana ƙarshen layi, tsakanin shagon mai walda da wani ƙaramin kantin magani. Daga waje ba a ganin komai sai ƙofar ƙarfe da tagar karɓar kaya. In ka shiga kuwa sai ka tarar da dogon zaure, injinan wanki huɗu a jere suna gurnani, na busarwa biyu, teburan guga, can ƙurya kuma ga tukunyar tururi, wadda in ta huce komai ya tsaya. Mutum goma sha biyu ke cin abinci a wurin. Yawancin aikinsu zannuwan gado da tawul na otal uku ne, sai 'yan kayan mutanen unguwa.

Mai wurin dattijo ne. Ma'aikata na ce masa Maigida, 'ya'yansa na ce masa Baba. Da baho ɗaya da dutsen guga na gawayi ya fara, kuma har gobe gani yake in bai leƙa cikin inji ba kumfa ba za ta tashi ba. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ita ke zama a taga, tana karɓar kaya, tana amsa waya, tana tsara wa direba hanya. Auta mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ko gidan mutane ta je, sai ta daidaita musu takalman bakin ƙofa kafin ta yi sallama.

Wata rana da hantsi yayarta, wadda nas ce a babban asibitin garin, ta biyo da fararen kayan aikinta a leda. Ta jingina da taga ta ce, "Auta, kin ji labarin murar nan da ake ta faɗa a rediyo?"

"Ta can ƙasashen nesa? Na ji, Yaya."

"To jiya an tara mu a kanta. Likitoci sun ce zuwa za ta yi, lokaci ne kawai ba a sani ba. Kuma ba tsananinta kaɗai ke damunsu ba. Tare take kwantar da mutane. Ki ɗauka cikin mutum goma, uku ko huɗu sun kwanta rana ɗaya, wasu kuma sun zauna jinyar 'ya'yansu. An ce kowane sashe ya tsara yadda zai ci gaba da aiki in haka ta faru."

Auta ta juya ta dubi zauren, ta fara cire mutane da ido. Ta cire Sifana, bakaniken da ke kula da injina, wanda ya samo sunansa daga ƙarfen da ba ya barin aljihunsa. Ta cire Dogo direba. Ta cire Baba. Nan take ta ga tukunya ta huce, mota ta tsaya a ƙofa, otal uku suna buga waya a lokaci guda. Abin mamaki, maimakon gabanta ya faɗi, sai ta ji wani zumuɗi ya taso mata tun daga ƙafa, irin wanda take ji in aka miƙo mata zaren da ya cukurkuɗe kowa ya kasa warwarewa.

Yaya na tafiya ta nufi ƙurya, inda Baba ke duba agogon tukunya. Ta zayyana masa komai ko numfashi ba ta ja ba.

Ya dube ta ta saman tabarau. "Mura? Auta, a wurin nan an yi ambaliya, an yi rashin wuta, an yi tsadar sabulu, ban rufe ba. Sai majina ce za ta rufe ni?"

"Baba, ba a fafe gora ranar tafiya."

"Kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Koma taga."

Ba ta koma ba. Ta bi shi daga inji zuwa inji har ya gaji. Ta ce rana ɗaya kawai take roƙo, ranar da aiki bai yi yawa ba. Za a yi kamar murar ta zo, a ga abin da zai faru. In komai ya tafi daidai, ba za ta sake tayar da maganar ba.

"Yi wasanki," in ji shi. "Amma in zanin otal ya makara, ke za ki amsa waya."

Ranar gwajin ta zo da bokiti an rufe shi da tawul. A ciki akwai marafan kwalba, huɗu ta shafa musu jan fenti. Ta tara kowa ta yi bayani. Duk wanda ya ɗauko ja, ya kamu. Zai fita ya zauna a bencin da ke ƙetaren titi. Ba magana, ba waya, ba nuni da hannu, don mutumin da ke kwance a gida ba ya nuna wa kowa famfo.

Baba ya naɗe hannun riga yana murmushi, ya ce bari babba ya fara. Ya cusa hannu ya zaro. Ja.

Zauren ya ɗauki dariya. Ya juya marfin ya sake juyawa. "Kin yi min maguɗi."

"Wallahi ban yi ba, Baba. Sannu da jiki."

Sifana ya zaro ja. Dogo ma ja. Na huɗun ya faɗa kan wani mai zuba kaya a inji. Auta kanta sai da ta riƙe baki, don ko ita ta zaɓa da hannunta ba za ta iya haɗa muguwar ƙuri'a kamar wannan ba. Majinyata suka tsallaka titi suka jeru a benci, Baba a tsakiya, ya harɗe hannu.

Matsala ta farko tukunya ce. Mutum takwas suka tsaya a gabanta cirko-cirko. Shekara da shekaru suna ganin ana kunna ta, amma babu wanda ya taɓa lura da famfon da ake fara buɗewa. Shugabar masu guga, mace mai jiki da murya wadda ake kira Uwar Guga, Auta kuma ke ce mata Inna, ta ture kowa ta ce abin ai ba tsafi ba ne. Ta murɗa wani famfo. Wani bututu ya yi tari, ya fesa ruwa mai tsatsa har rufi, kowa ya yi ta kansa. Ta ƙofa Auta ta hango Baba ya miƙe zumbur. Sifana ya kama gefen rigarsa ya zaunar da shi, ta ji yana cewa, "Maigida, ba mu da lafiya."

Suka haƙura da ruwan zafi, suka ce a yi da na sanyi. Sai aka zo kan garin sabulu. Baba kaɗai ke auna shi, kuma da tafin hannu yake yi. Wani ya ce gwangwani biyu, wani ya ce huɗu, suka raba gardama suka zuba uku a kowane inji. Ba a jima ba kumfa ta fara fitowa ta bakin inji na biyu. Ta cika ƙasa, ta bi ƙarƙashin tebura, ta fita ƙofa, ta gangara titi a hankali kamar tana da saƙo, har ta isa bakin benci ta tsaya a kan takalmin Baba. Mai walda ya kashe wutarsa ya fito kallo. Baba ya cire hula ya cusa gefenta a baki.

Da lokacin kai kaya ya yi, aka nemi makullin mota. Dogo ya zaro shi daga aljihu ya ɗaga yana kaɗawa daga benci.

"Ya tafi gida da shi," in ji Auta. "Haka zai faru in da gaske ne. Ku tsayar da tasi."

Aka danna ƙullin kaya a tasi har direban ba ya ganin madubi. Sai bayan sun tafi aka gane Dogo ne kaɗai ya san wane ƙulli na wane otal ne, don shi da launin igiya yake ganewa. Otal biyu suka karɓi tawul ɗin juna. Waya ta fara ƙara, kuma kamar yadda aka yi alkawari, Auta ce ta amsa. Tana ba da haƙuri, ɗankwalinta ya jiƙe, kumfa har gwiwa, amma idanunta na ƙyalli. Duk abin da ya lalace sai ta ji kamar an ba ta kyauta, don ga ramin ta gani da idonta tun kafin a faɗa shi.

Da la'asar Baba ya tsallako titi, ya ratsa kumfa ya tsaya a gabanta. "Na warke?"

"Ka warke, Baba."

Ya wuce ƙurya ya kunna tukunya. Sai da tururi ya fara huci sannan ya juyo. "Gobe kowa ya tsaya a nan kafin ya taɓa komai. Wannan famfon ake fara buɗewa. Wanda ya sake taɓa wancan, ni da shi ne."

Daga ranar gidan wanki ya koma makaranta. Auta ta kafa doka cewa kowane aiki sai an sami mutum uku da suka iya shi. Sifana ya koya wa mata biyu canza bel ɗin inji da share matata. Aka auna tafin hannun Baba a gwangwani, aka ja layi da fenti a inda sabulu ya tsaya. Aka yanko wa mota makulli na biyu. Kowane ƙulli aka ɗaura masa sunan mai shi. Dogo ya koyi guga, ya ƙona rigar filo biyu da ɗan yatsansa. Shi kuma ya ɗauki Uwar Guga zuwa wani fili a bayan gari yana koya mata tuƙi. Ya dawo yana share gumi ya ce, "Inna ba ta taka birki. Tsawa take yi wa abin da ke gabanta ya kauce."

Sannan Auta ta raba su gida biyu, 'yan safe da 'yan yamma, waɗanda ba za su riƙa haɗuwa ba, don in cuta ta shiga ɓangare ɗaya, ɗayan ya tsira. 'Yan safe su tashi, a buɗe tagogi, a goge tebura da hannayen ƙofa, zaure ya sha iska babu kowa, sannan 'yan yamma su shigo. Waɗanda ke kwana gida ɗaya dole su zauna ɓangare ɗaya. Nan dokar ta ci mai ita, don ita da Baba gida ɗaya suke, kuma kowane ɓangare na bukatar shugaba. Ba ta yi wata-wata ba ta share ɗan ɗakin da ke saman zauren, inda ake jibge tsofaffin injina, ta kai katifa da fitila. Baba ya riƙe safe tare da Sifana da Dogo, ita ta riƙe yamma tare da Uwar Guga.

Mama, mahaifiyarta, ta bi ta da bargo tana mita. "Yarinya da gidan ubanta, ta koma kwana da ƙarafa saboda murar da ko atishawarta ba a ji ba."

Gardama ɗaya ce ta yi zafi. Auta ta ce duk wanda ya ji zazzaɓi ya zauna a gida, kuma ba za a taɓa albashinsa ba. Baba ya ce wannan ba tsari ba ne, sadaka ce. Ta ce in mutum ya san zama gida zai hana 'ya'yansa abinci, zai shanye magani ya zo ya tsaya a tsakiyar mutane yana murmushi, kafin a farga ya kwantar da ɓangare guda. Baba ya sosa gemu. Washegari shi da kansa ya sanar, kamar daga kansa dabarar ta fito, Auta kuma ta bar masa.

Suka cika sito da sabulu da bilic da man janareta, da takunkumin fuska da safar hannu. Ta nemo wani mai sayar da sabulun na biyu a ɗaya gefen gari, ko da na farkon ya rufe. Aka sayo ma'aunin zafin jiki biyu, ɗaya na safe ɗaya na yamma.

Rashin haɗuwa sai ya haifar da gasa. Wata rana 'yan yamma suka shigo suka tarar an naɗe tawul kamar agwagwa an ajiye a kan tebur, an rataya mata ɗan kwali a wuya: mun gama namu har da rabin naku. 'Yan yamma suka rama. Suka haɗa filo uku, suka sa musu tsohuwar riga da hula da tabarau na waya, suka zaunar a gaban tukunya. An ce da Baba ya gani da safe sai ya gaishe shi, ya ce ya ji daɗi da aka samo wanda zai riƙa hutar da shi.

Mura kuwa shiru. Mai walda ya fara kiran Auta da Likita. In ta wuce sai ya yi tarin ƙarya ya ce, "Likita, in je benci?" Tana dariya, amma a ranta takan ce to in ba ta zo ba fa, duk wannan wahalar da ta ɗora wa mutane?

Sai ta zo. Mai kantin magani ne ya fara cewa maganin zazzaɓi na ƙarewa tun kafin azahar. Aka rufe makarantu. Titin da ba ya rabuwa da hayaniya ya koma kamar an share. Shagon mai walda ya wuni a rufe, ya kwana a rufe. Sannan otal na farko ya bugo ya ce ba baƙi, kada a zo ɗaukar kaya. Na biyu ya biyo baya, na uku ma haka.

Baba ya kira ta a waya daga gida. "Auta, kin tsara mana mutane, kin tsara sabulu, kin tsara mota. Abu ɗaya kika manta. Me za mu wanke?"

Duk lissafinta a kan rashin ma'aikata ta yi shi, ba ta taɓa kawo rashin aiki ba. 'Yan yamma suka wuni suna goge injinan da ba su yi datti ba. Tana zaune a taga ta rafka tagumi sai waya ta yi ƙara. Yaya ce, muryarta a dishe.

"Auta, masu wankin asibiti sun kwanta kusan duka. Majinyata sun cika har baranda, wasu a kan katifa tsirara. Shugaban sashe ya ce in tambaya. Za ku iya ɗauka?"

"Za mu iya."

"Ba ki ji yawansa ba."

"Yaya, za mu iya. Ki ce su ɗaure a leda biyu-biyu, mota na zuwa."

Sai da ta ajiye wayar ta tuna ba ta tambayi Baba ba. Ta kira shi. Da ya ji bayani ya ce, "To me kike jira da ni a waya?"

Ta miƙe ta tafa hannu, zauren ya farka. Ta ɗauko ragowar fenti ta ja layi a ƙasa ya raba wurin biyu. Kaya masu datti ta ƙofar baya za su shigo, masu tsabta ta gaba za su fita, kuma wanda ke wancan gefe ba ya tsallako layi sai ya cire safar hannu ya wanke har gwiwar hannu. Kowa da takunkumi. Tukunya a kai ta ƙarshen zafinta. Uwar Guga ta ɗaure ɗamara ta hau mota, Auta ta zauna a gefe tana riƙe da ƙofa. A giya ta biyu suka je asibiti, a giya ta biyu suka dawo, injin na kuka, Uwar Guga na yi wa titin da babu kowa tsawa. Suka dawo da kaya har rufin mota.

Aikin ya ninka na otal. Injina huɗu ba sa hutawa sai a ɗan tsakanin nan da ake buɗe tagogi. Zannuwa na fita da ɗuminsu, a dawo da wasu. Auta ba ta taɓa gajiya irin wannan ba, kuma ba ta taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Takan tsaya a tsakiyar zaure ta ga mai ninke kaya ta durƙusa tana canza bel da hannunta, ta ga wani ya auna sabulu daidai layi bai tambayi kowa ba, sai ta ji kamar ta yi rawa.

Cutar ta shiga ta ɓangaren safe. Dogo ya fara kwantawa, sai Sifana, sai wasu biyu. Baba ya rage da mutum ɗaya tal da kuma wani da aka aro masa daga yamma, wanda daga nan bai sake komawa ba. Baba ya kunna tukunya, ya zuba kaya, ya koma tebur ya kama dutsen guga da rabonsa da shi tun Auta na goye. 'Yan yamma kuwa ko ɗaya bai kamu ba. Rabuwar ta yi aikinta.

Wata rana Auta ta sauko ta matakalar waje tana jin kanta na sarawa kaɗan. Uwar Guga na bakin ƙofa da ma'auni kamar kullum. Ta auna ta, ta duba, ta sake aunawa.

"Koma sama, 'yar nan."

"Inna, gajiya ce kawai. Ga motar asibiti za a shirya, ga mai sabulu zai kira."

"Wa ya kafa dokar?"

"Ni ce, amma ai ni…"

"Ke me? Mura ta san 'yar Maigida? Sa wayar a ledar nan ki ajiye a ƙasa, ki ja baya."

Auta ta tsaya da wayar a hannu, sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ta sa kowa ya koya wa mutum biyu aikinsa, amma ita ba ta koya wa kowa nata ba. Babu wanda ya san da wa ake magana a asibiti, ko yadda take raba tafiyar mota. Ta fara zuba bayani daga nesa, kalmomi na hawa kan juna. Uwar Guga ta ɗaga hannu. "In mun kasa, ma ji a jikinmu. Hau."

Zazzaɓin ya kayar da ita sosai. Ta yi kwanaki ba ta san safe ba ta san yamma ba. Mama na hawowa da takunkumi ta ajiye abinci da ruwa a bakin ƙofa, ta tsaya daga can tana yi mata sannu haɗe da faɗa. Abin da Auta ke riƙewa shi ne ƙasan ɗakin, wanda ke rawa a hankali in injina na aiki. In ta farka ta ji katifa na karkarwa sai ta koma barci. Sau ɗaya ta ji shiru ya yi tsawo, ta yunƙura za ta tashi, jiri ya mayar da ita. Can sai janareta ya tashi, injinan suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Da ta fara iya zama, Mama ta tura mata tsohuwar wayarta ta ƙarƙashin ƙofa. Yaya ce a kan layi. Ta ce an kwantar da Sifana a asibiti, numfashinsa ya yi wuya, har an kira iyalinsa. Auta ta fara salati.

"Tsaya, ban gama ba," in ji Yaya, sai Auta ta ji dariya a muryarta. "Yau da safe ya aiko a kira ni. Na zo a guje na ɗauka wani abu ne. Na tarar ya jawo gefen zanin gadonsa yana nuna min wani tabo mai siffar dutsen guga. Ya ce, wannan aikin Maigida ne, ki gaya masa ya rage wuta, ba gawayi ba ne. Likita ya ce mutumin da ya fara ƙorafi ya kama hanyar gida."

Auta ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, hawaye na zuba.

Ranar da ma'auni ya yarda da ita, ta sauko a hankali tana dafa bango. Ta shiga zaure ta tsaya. An juya teburan guga sun fuskanci ƙofa, ba yadda ta bar su ba. Ga wasu mata uku da ba ta sani ba suna ninke zani da saurin da ba ta taɓa gani ba. Uwar Guga na taga, waya a kunne, tana ce wa wani a asibiti, "Ɗana, in ka sake aiko min leda ba a ɗaure ba, da kaina zan zo."

"Inna, su wane ne waɗannan?"

"Masu gyaran ɗakunan otal. Maigida ne ya kira manajansu, ya ce mutanenka na zaune ba aiki, ni ina da aiki ba mutane. Uku safe, uku yamma. Sun san zani fiye da mu. Waya kuma shi ke riƙewa da safe, ni da yamma. Mun ɓatar da tafiya biyu, mun kai kaya sashen da ba shi ba, amma ba wanda ya kwana a katifa tsirara."

Auta ta sake duban zauren. Ashe za a iya ba ita. Har ma an yi dabarar da ba ta zo mata ba. Ta kalli teburan, hannunta na ƙaiƙayin mayar da su. Sai ta lura yadda zani ke tashi daga guga ya faɗa hannun mai ninkewa, daga nan ya fita ƙofa ba tare da kowa ya zagaya ba. Ta saki dariya, ta ja kujera ta zauna kusa da Uwar Guga ta ce, "To Inna, koya min yadda kuke yi yanzu."

A hankali cutar ta ja baya. Dogo ya dawo ya ƙara tsawo don rama. Sifana ya dawo da sanda, ya zagaya injinansa yana taɓa kowanne kamar mai duba jikoki. Mai walda ya buɗe shago. Otal suka fara kira, asibiti kuma suka ce ko masu wankinsu sun dawo, suna so gidan ya ci gaba da ɗaukar wani kaso. Ranar da aka haɗa safe da yamma a karo na farko, hayaniyar ta fi ta injina, kowa na ba da labari babu mai sauraro.

A cikin hayaniyar Baba ya buga gwangwani a tebur. Ya ce yana da ƙane a wani gari mai nisa, rabonsu da ganin juna tun kafin a sayi inji na uku. Kullum yana cewa zai je, kullum yana ganin in ya juya baya wurin zai rushe. "To na ga ba ya rushewa. Jibi zan tafi, kuma sai na gaji da zama zan dawo."

Auta ce ta raka shi tasha, Uwar Guga na tuƙi, wannan karon har giya ta uku. Ya shiga motar haya ya sami wuri kusa da taga, ya ɗora jakarsa a cinya, ya zauna kamar sabon ɗan makaranta. Motar na fara motsi ya leƙo da kai.

"Auta, inji na huɗu in ya fara wannan ƙarar, kada ku bari Sifana ya ɗaga shi shi kaɗai. Kuma matan otal ɗin nan, ki yi magana da manajansu, ko biyu ya bar mana. Kuma ki ce wa mamanku…"

Ƙarar motar ta haɗiye sauran. Ya ci gaba da magana yana nuni da hannu har suka sha kwana. Auta na tsaye tana ɗaga masa hannu tana dariya, sai waya ta yi ƙara a jakarta. Wani sabon asibiti ne na masu haihuwa, sun ji labari, suna tambaya ko akwai wuri.

"Akwai," in ji ta, ta riga ta nufi mota da sauri. "Inna, tayar. Kai kuma mai kira, faɗa min adireshin, yanzu za mu biyo mu gani."